Tarihin Unguwannin Kano da Laburaren Jami'a: Tambayoyi da Amsoshi

A cikin Birni, idan aka tambayi mutum daga ina yake, bai gama amsa ba don ya ce Kano. Sai an ji unguwa, sannan a ji gida. Yakasai ne ko Mandawari, Koki ko Madabo? To amma da zarar an ce ya faɗi yadda unguwar ta kafu, sai ka ji an ce "ai da Malam wane yana da rai, da ya ba ku labari." Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan tasowa idan aka zo maganar kai tarihin unguwa laburaren jami'a don kada ya bi tsofaffi maƙabarta.

Me ya haɗa jami'a da tarihin unguwa? Ba aikin fada da gidan tarihi ba ne?

Fada tana riƙe tarihin sarauta, kuma ta riƙe shi da kyau. Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, sarki bayan sarki yake bi, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Unguwa ba ta shigowa cikinsa sai idan hanyar wani sarki ta biyo ta kanta. Gidan Makama kuwa kayan kallo yake nunawa. Ba wanda zai je can ya ce a fito masa da takardar cinikin gidan kakansa.

Jami'a tana da abin da sauran ba su da shi. Kowace shekara tana samun sababbin ɗalibai da dole sai sun yi bincike kafin a ba su digiri, tana da malaman da karanta tsohon rubutu shi ne abincinsu, kuma sauyin gwamna ba ya rufe ta.

Ga misali ɗaya da ya isa hujja. Akwai wani ɗan littafi na Larabci kan asalin Wangarawa, wato malamai da fataken da suka zo daga ƙasar Mali, da aka rubuta a wajen 1650. Masanin tarihi Muhammad al-Hajj ya fito da shi a mujallar Kano Studies ta Kwalejin Abdullahi Bayero a 1968. Littafin ya nuna cewa Shehu Abdurrahman Zaite da jama'arsa sun iso Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, alhali Tarihin Kano ya sa zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, kusan shekara ɗari kafin nan. Duk mai son tarihin Madabo, unguwar da ake dangantawa da Wangarawan, yau dole ya auna waɗannan ruwayoyi biyu. Da takardar ta tsaya a gafakar gida guda, da ruwaya ɗaya kawai muke da ita.

A ina ake samun irin waɗannan kaya?

Mafi kusa ita ce Jami'ar Bayero. Ta faro ne a 1960 a matsayin kwaleji, aka sa mata sunan Abdullahi Bayero a 1962 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Laburarenta yana da rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami da kuma tulin kundayen ɗalibai. Ita ce kuma ke riƙe da Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan da Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983.

A Zariya akwai Laburaren Kashim Ibrahim da shirin binciken tarihin Arewa da aka kafa a 1964, wanda ya bi gidajen malamai yana ɗaukar hoton littattafai. A Kaduna akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci mayar da shi cibiyar bincike a 1970. Ma'adanar takardun gwamnatin tarayya ta Kaduna ba ta jami'a ba ce, amma can fayilolin Lardin Kano na zamanin Turawa suke, kuma ba mai binciken kirki da zai tsallake ta.

Wani lokaci ma sai an ƙetare iyaka. Mai bin sawun Agadasawa zai amfana da rubuce-rubucen hannu da ke cibiyar binciken Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Mai bin fataken goro da suka bi hanyar Gwanja kuma zai tarar da rubuce-rubucen Alhaji Umaru a Jami'ar Ghana. Malami ne haifaffen Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934.

Idan babu takarda ko ɗaya fa, daga ina ake farawa?

Daga sunan unguwar. Kano ta rubuta tarihinta a bakin mutanenta, kowa na faɗi kullum ba tare da ya lura ba. Yaro zai ji Dandalin Turawa ya zaci Ingilishi ake nufi, alhali a tsohuwar Hausa Larabawan da ke zuwa daga Tarabulus da Gadamas ake ce wa Turawa, tun kafin Nasara ya ci Kano a 1903. Alfindiki daga kalmar Larabci take mai nufin masaukin fatake. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, kowace ta faɗi daga inda masu ita suka fito. Ayagi unguwar Yarabawa ce tun kafin a yi tunanin Sabon Gari. Sharifai tana danganta kanta da zuriyar Shehu Magili, wanda ya zo a zamanin Rumfa. Wasu kuma sana'a suka ɗauka, irin su Dukawa da Soron Ɗinki.

Baturen Jamus ɗin nan, Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya zana taswirar birnin ya jera sunayen unguwanni. Ɗora taswirarsa kusa da ta yau aiki ne mai daɗi: wasu sunayen suna nan daram, wasu sun ɓace, kuma fili mai faɗi da ya gani na gonaki a cikin ganuwa yanzu ko wurin ajiye babur babu.

Sai dai a yi hattara. Bahaushe gwani ne wajen ƙirƙiro wa suna labari. Za a ce maka wani sarki ne ya zo wucewa ya faɗi kalma kaza, shi ke nan ta zama sunan wurin. Irin wannan labari a rubuta shi, a rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, amma kada a mayar da shi aya.

Gidanmu ba gidan malamai ba ne ko na sarauta. Muna da abin da laburare zai so?

Kuna da shi, kuma watakila naku ya fi ƙaranci a can. Littattafan fiƙihu da nahawu an samu kwafinsu da yawa, domin kowane zaure na karatu yana da su. Abin da ya yi wuya shi ne takardun rayuwar yau da kullum, waɗanda ake ganin ba su da daraja har a ƙunsa ƙosai da su.

Rasidin haraji na zamanin En'e yana ɗauke da sunan mai gida da unguwa da shekara. Takardar sayen gida da alƙali ya sa wa hannu tana faɗin maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, wato ta zana maka lungu guda kamar yadda yake a lokacin. Littafin bashin mai kanti yana nuna farashin gishiri da kananzir da wa ke cin bashin wa. Akwai wasiƙun Ajami da fatake suka aiko daga Kumasi, da takardun tafiya Makka ta ƙasa ta Chadi da Sudan, da katin NEPU ko na NPC, da littafin uwar adashi. Hoton biki da aka ɗauka a ƙofar gida a shekarun 1960 kan fi amfani saboda abin da ke bayan mutanen: zanen katanga, zanko, indararo, da kukar da aka sare tuntuni.

Ko a littattafan malaman ma, masu bincike sukan fara duba gefen shafi da ƙarshen littafi. Nan ake samun sunan wanda ya kwafa da na malaminsa, ko a ga an rubuta da ƙaramin alƙalami cewa an haifi wance daren kaza, ko wane ya rasu shekarar yunwa.

In na kai takardunmu, sun fita hannunmu ke nan?

Ba dole ba. Hanya uku ce. Ko ku bayar kyauta, su zama na laburare. Ko ku ba da ajiya, mallaka tana hannunku, su kuma su kula. Ko kuma a ɗauki hoton kowane shafi a mayar muku da kayanku. Ga yawancin gidaje ta ukun ta fi kwanciyar hankali, kuma ita nake ba da shawara a fara da ita.

Kowace aka zaɓa, a rubuta. A ƙirga ganyen takarda a gabanku, a sa lamba, a faɗi wanda zai iya gani da wanda zai iya bugawa, a kuma ba ku naku kwafin hotunan. Kada kunya ta hana ku neman rasidi don wanda ya zo karɓa ɗan unguwa ne ko ɗalibin Malam. Mutum yakan bar aiki ko ya rasu, wanda ya gaje shi kuma takarda kawai ya sani.

Sannan littattafan mamaci gado ne. Babban wa ba shi da ikon bayar da su shi kaɗai, ko da a ɗakinsa suke. A ji ta bakin magada duka, mata da maza. Rabon gado ma yana cikin abin da ya fi wargaza ɗakunan karatu na gida, domin akan raba littafi ɗaya gida uku tunda ba ɗinke yake ba. Ɗaukar hoto kafin rabo yana magance wannan.

An ce akwai littattafan wani malamin Kano a Amurka. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Malam Umaru Falke, ɗan kasuwa kuma malamin Tijjaniyya da ya rasu a 1962, ɗakin karatunsa yana laburaren nazarin Afirka na Jami'ar Northwestern, kusa da Chicago. Abin da ke ciki ya haura 3,000: littattafai, waƙoƙi, wasiƙu, da takardun asirai da magunguna. Darajarsa ita ce an same shi a dunƙule, ana iya ganin abin da malami ɗaya na Kano yake karantawa da abin da yake rubutawa.

Ra'ayi ya rabu a kai, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. An adana su, an yi musu fihirisa, gara ba ta taɓa su ba. Amma jikan almajirinsa da ke Kano sai ya nemi biza kafin ya taɓa su. A ganina faɗan a dawo da su ko a bar su bai kai muhimmancin a samu cikakken hotonsu a Kano ba, inda mai so zai zauna ya karanta. Kuma kafin mu yi ƙorafi a kan na Amurka, mu tambayi kanmu ina ɗakunan karatun sa'o'insa da suka tsaya a gida.

Mene ne ke lalata takarda, kuma me za mu yi kafin a kai ga laburare?

Na taɓa zama a wani soro aka sauko da adakar da aka shekara ashirin ba a buɗe ba. Daga sama lafiya lau, gafaka uku jere, fatar ma ba ta tsage ba. Da aka kwance ta ƙasan aka ɗaga tadarishi, sai ƙasa ta zubo. Gara ta shigo ta gindin adakar ta cinye tsakiyar littafin, ta bar gefe-gefe kamar an yanka da wuƙa. Dattijon gidan bai ce komai ba, sai ya ɗauki ganye ɗaya da ya tsira ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa. A jikin takardar ga alamar jinjirin wata guda uku, irin takardar da ake kawowa daga Italiya ta hamada. Rubutun kakansa ne.

Gara ce babbar abokiyar gaba, sai yoyon damina, sai ɓera da kyankyaso, sai zafin rufin kwano da ke busar da takarda har ta riƙa karyewa. A ɗaga kaya daga ƙasa, a nisanta su da bango, a riƙa buɗewa ana dubawa kafin damina da bayanta. Kada a naɗe su a leda, domin tana riƙe gumi. Kada a liƙa salatif a inda ya yage, gam ɗinsa yana cin tawada. Kada kuma a kai a manne su cikin roba da zafi kamar yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta, don ba a iya warwarewa.

In ganyen sun tarwatse, kada a jera su da ka. Dubi ƙasan kowane shafi, za a ga kalma ɗaya a rubuce ita kaɗai. Ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye, da ita magabata suke gane jeri.

Yaya ake ɗaukar tarihin baka yadda zai yi amfani?

Wayar hannu ta isa, in dai an samu wuri marar hayaniya. A fara da faɗin rana da wuri da sunan mai magana da kimanin shekarunsa, a kuma nemi izininsa a cikin faifan. Tsoho ba ya cewa 1953, sai dai ya ce shekarar da aka naɗa Sarki Sanusi, ko kafin a rushe kaza. A bar shi ya auna lokaci da abin da ya sani, lissafi aikin mai bincike ne daga baya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a kan mai unguwa da liman. Su za su ba ka jerin waɗanda suka riƙe muƙami. Amma wa ya auri wa, wane gida ne ya fito daga wane, ina rijiyar da ake ɗiba, wace kududdufa aka cike aka yi gini, yadda Jakara take kafin a rufe ta a shimfiɗa titi, duk wannan a cikin gida yake wajen tsofaffin mata. Namiji baƙo ba zai wuce zaure ba, don haka dole a sa ɗalibai mata a aikin. Wata jika da ta zauna gaban kakarta ta ce "Hajiya, wai da ina kuke wanki?" za ta kwaso abin da farfesa ba zai samu da takardar tambayoyi ba.

Masu tsofaffin kaset kuma su hanzarta. Zaren yana manne wa juna, rediyon da za ta juya shi ma tana neman gagara a kasuwa.

Idan labarin ya taɓo abin da gida ba ya so a ji fa?

Zai taɓo. Tarihin kowace tsohuwar unguwa yana da bauta a ciki, yana da wanda ya bi Tukur da wanda ya bi Yusufawa a Yaƙin Basasar Kano na 1893, yana da rigimar gida da aka kai gaban alƙali. Ko rajistar shari'o'in majalisar Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, cike take da sunayen mutanen da jikokinsu ke raye.

Laburaren da ya san aikinsa yana karɓar sharaɗi. Ana iya cewa kada a buɗe faifai sai bayan shekara kaza, ko a sakaya suna idan za a buga. Abin da bai kamata ba shi ne a goge. Abin da ake jin nauyinsa yau, wata rana jika ne zai zo yana nema ido rufe.

Kundayen ɗalibai abin dogaro ne?

Wasu. Shekara da shekaru ɗaliban sashen tarihi da na Hausa suna rubuta kundi a kan unguwarsu, kuma a cikinsu akwai na ƙwarai, akwai wanda aka kwafe daga na bara aka sauya suna. Ko mai rauni ma yana da shafi ɗaya mai tsada, wato jerin mutanen da aka yi hira da su da shekarunsu. Ɗalibin da ya zauna da ɗan shekara 80 a 1978 ya ji daga bakin wanda aka haifa kafin zuwan Turawa. Wannan hira ba za a sake yin ta ba. Abin takaici, yawanci kwafi ɗaya ne, bugun tafireta, yana kan kanta yana shan ƙura. Da za a tambaye ni inda jami'a za ta fara sa kuɗin ɗaukar hoto, nan zan nuna.

Unguwannin waje fa, irin su Fagge da Sabon Gari?

Su ma Kano ne. Fagge tsohon masaukin ayarin raƙuma ne a bakin ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yanka Sabon Gari a wajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Kantin Kwari da ake sayen atamfa yau, a da unguwar Kwarori ce, 'yan Siriya da Labanan, gida a sama kanti a ƙasa. Tarihin waɗannan wurare yana cikin rajistar coci-coci, da littattafan ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, da hotunan masu situdiyo, kuma da yawa sun bar Kano tare da masu su a rikicin 1966.

Har sababbin unguwanni irin su Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Hotoro suna da nasu. Su ma sun fi sauƙi, domin wanda ya sayar da gonar da wanda ya fara kafa bulo duk ana iya samunsu da rai.

Wanda ba ɗalibi ba zai iya shiga ya duba?

A ƙa'ida ana iya shiga da takardar gabatarwa da katin shaida, a nemi izinin shugaban laburare. A aikace kuwa sai an yi haƙuri. Na taɓa raka wani dattijo wani laburare don ya ga hoton littafin mahaifinsa da aka ɗauka shekaru da dama. Ranar farko mai makulli ya tafi ɗaurin aure, rana ta biyu babu wuta, ta uku aka ce ya kawo takarda daga sashensa. Mutumin da ya ba da kayan ake tambaya sashe. Irin wannan ne ke sa gidaje su rufe adakarsu, kuma ba na ganin laifinsu. Shi ya sa sharaɗin ba ku naku kwafi da damar shiga ya kamata ya kasance cikin yarjejeniya tun ranar farko.

Tunda ana sa tsofaffin hotuna a Facebook, ba shi ke nan ba?

Yana da amfani wajen gano fuskoki, don sau da yawa wani zai ce wannan ai kakana ne. Amma hoton yana rage kyau duk lokacin da aka tura shi, bayaninsa yana sauyawa daga hannu zuwa hannu, kuma shafi yana iya rufewa dare ɗaya. A sa a can, amma babban kwafin ya kasance a wuri uku: gida, laburare, da wajen wani ɗan'uwa a wani gari.

Ana biyan kuɗi idan an ba da takardu?

Galibi a'a. Laburaren jami'a ba kasuwa ba ne, kuma wanda ya zo ƙofar gida da kuɗi a hannu yana neman tsofaffin littattafai, dillali ne, ba za ku sake jin inda suka nufa ba. Abin da za ku iya nema shi ne a sa wa tarin sunan mai shi, a rubuta unguwarsa a fihirisa, a gyara abin da ya yage, a kuma ba ku hotunan a faifai ko a katin waya. Idan Ajami ne ko Larabcin da ba mai iya karantawa a gidan yanzu, ku roƙi a juya muku ko da shafukan da suka ambaci sunayen iyali ne zuwa boko.